Yadda Za Ka Bi Motar Haya a Zariya, Ka Rage Hayaƙi, Ka Kyautata wa Abokan Tafiya

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a shekarar da ta biyo baya kuma ta kai dubu. Mu a Zariya da idonmu muka ga abin da ya biyo baya. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwar da suka shekara goma ba su taka bas ba, sai ga su da sassafe a bakin titin Samaru suna ɗaga hannu. Ni ma ina cikinsu. Dole ce ta fara sa ni, amma yau ko da kuɗin mai a aljihuna, kwana uku a mako bas nake bi, don na ga amfanin abin ga aljihu da iskar da muke shaƙa, na kuma ga irin alherin da mutum kan samu damar yi a cikin tafiyar rabin awa. Ga yadda nake yi, da abin da na koya daga waɗanda suka riga ni.

Fara da kwana biyu a mako

Kada ka ce daga gobe ka rabu da mota ko babur gaba ɗaya. Ba za ka jure ba, kuma akwai ranar da dole sai da su, kamar ranar kai mai naƙuda asibiti ko ɗauko buhunan masara daga kasuwar Giwa. Ka duba makonka ka ware kwana biyu da ba ka da kaya mai nauyi, ba ka kuma da wurare uku ko huɗu da za ka zaga.

Sannan ka zauna ka yi lissafi da biro, don lissafin ne zai riƙe ka ranar da kasala ta zo. Kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Litar man dizal kuwa kusan kilo 2.7. A ce zuwanka aiki da dawowa kilomita 20 ne, motarka kuma tana shan lita ɗaya a kowace kilomita 10. Lita biyu ke nan a rana. In ka ajiye ta kwana biyu a mako har mako 50, ka tsirar da lita 200, ka kuma hana kusan kilo 460 na wannan iska tashi sama. Kuɗin lita 200 kai ka san abin da za su yi maka a gida.

Wani zai ce ai bas ɗin namu tsofaffi ne, wasu in suka taka totur har ba ka ganin gabanka. Gaskiya ne, kuma zan dawo kan wannan. Amma bas ɗin nan da kai da babu kai zai tashi daga Samaru ya nufi Sabon Gari. Hayaƙinsa mutum goma sha huɗu ko sha takwas ne suka raba, naka kuwa kai kaɗai ka tayar da shi, ga kujeru huɗu babu kowa. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa. Wannan magana ce ta manya. Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta mai sayar da lemo a ƙarƙashin gadar Kwangila, wanda yake wuni cikin hayaƙin salansa, ga hazon hunturu a kai, ya koma gida da tari.

Ka san hanyarka, ka ƙara wa kanka lokaci

Zariya gari ne mai sassa. Ga Birni cikin ganuwa, ga Tudun Wada a wajenta, ga Sabon Gari da ya bunƙasa kusa da tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo ya iso a 1911, ga Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello ta raya tun 1962, can gaba kuma ga Shika da asibitin koyarwa. Da wuya ka sami gidan da babu mai tsallakawa daga wannan sashe zuwa wancan kowace rana. Daɗin abin shi ne sassan nan a jere suke kamar an zura su a zare: daga Shika ka zo Samaru, ka wuce Palladan, ka zo Kwangila, ka gangara PZ da Sabon Gari, daga nan ka haye kogin Kubanni zuwa Tudun Wada da Ƙofar Doka, ka shiga Birni. Wanda ya riƙe wannan jeri a kansa ya san inda zai sauka ya canza mota, ba sai ya yi shatar keke tun daga ƙofar gida ba.

Ka tambayi maƙwabcin da ya saba bi: nawa ake biya yanzu, ina aka fi samun mota da wuri, wane lokaci ne ɗalibai ke cika hanya. Ka fito da minti ashirin ko talatin a kan yadda ka saba. Yawancin faɗan da na gani a cikin mota, mutumin da ya makara ne ya tayar da shi. Shi ne mai yi wa direba tsawa don ya tsaya ɗaukar tsohuwa.

Tanadi canji tun dare

Wannan ƙaramin abu ne da ke kashe rigima babba. Ka ware 'yan hamsin da 'yan ɗari a aljihu dabam, ba cikin wanda wayarka take ba. In ka miƙa wa mai keke dubu ɗaya da ƙarfe bakwai na safe, sai ya tsaya wurin mai shayi ko mai kati yana neman canji, inji na ci, sauran fasinja na tsaki. Tura kuɗi ta waya yana taimakawa, amma ranar da sabis ya ɗauke za ka tsayar da mutum huɗu kana kallon allo. Ka tambayi kuɗin mota kafin ka sa ƙafa, ba bayan ka sauka ba. In kwandasta ya manta bai karɓi naka ba, ka tuna masa. Da yawa daga cikin direbobin nan motar ba tasu ba ce, akwai balas da za su kai wa mai ita da yamma, ga kuɗin tikitin tasha, ga mai. Naira ɗarin da ta zame masa daga cefanen gidansa ta fita.

Yadda ake shiga da yadda ake zama

Ka yi sallama. Mutane da yawa sun daina, sai su faɗo cikin mota fuska a ɗaure kamar an yi musu laifi, alhali sallama ɗaya tana sauya zaman gaba ɗaya. Ka yi addu'ar hawa abin hawa in kana yi.

Sai zaɓen wuri, wanda a ganina nan ne ake gane mai lura. In tafiyarka mai nisa ce, ka wuce can baya tun farko. In nan kusa za ka sauka, ka zauna kusa da ƙofa, ko ka gaya wa kwandasta ya san inda zai sa ka. Babu abin da ke ɓata lokaci da mai kamar mutumin da ya ƙule a kujerar ƙarshe sannan ya ce zai sauka a Palladan, a sauke mutum shida a sake loda su. Kujerar gaba da ta bakin ƙofa kuwa, ka ɗauka ba taka ba ce muddin akwai dattijo, ko mai juna biyu, ko mai goyo, ko mai lalurar ƙafa. Kada ka jira a roƙe ka, don yawancinsu ba za su roƙa ba. Ka sauko kawai ka ce, "Baba, dawo nan, ya fi sauƙin sauka."

A Keke Napep, in mata biyu ne a baya kuma akwai wuri kusa da direba, namiji ya koma gaba. In babu hali, ka tattara jikinka da rigarka, ka ɗora jakarka a cinya. Mace ta san bambanci tsakanin matsin da ƙarancin wuri ya kawo da wanda aka yi da gangan, kuma in ka ga ana yi wa wata na biyun, ka ce wa mai yin, "Malam, mu yi musayar wuri," ba tare da hayaniya ba.

Taimakon mai lalura yana da ladabinsa. Ka tambaya kafin ka taɓa mutum: "In kama maka?" Makaho ba a jan sa da sanda ko da riga. Ka ba shi hannunka ya riƙe, ka gaya masa ga mataki, ga tsayinsa, ga kan ƙofa ya sunkuya. Mai keken guragu shi ya san yadda kekensa ke naɗewa, ka bi abin da ya ce. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya lissafa taimakon mutum ya hau dabbarsa, ko a ɗora masa kayansa a kanta, cikin sadaka, tare da kyakkyawar magana da kawar da abin cutarwa daga hanya. Dabbar yau ita ce bas da keke.

Wata safiya a hanyar Shika, wata tsohuwa ta shigo da yarinya 'yar kamar shekara tara, idanun yarinyar sun yi rawaya, tana riƙe da gwiwarta tana cije leɓe. Tsohuwar na ɗauke da kular abinci, da tabarma a naɗe, da babbar ambulan ɗin hoton ƙashi da ta lanƙwashe saboda yawan yawo. Babu wanda ya yi jawabi. Wani ɗalibi ya karɓi kular ya ɗora a cinyarsa. Wata mata ta ce, "Inna, kawo ta nan," ta kwantar da kan yarinyar a kafaɗarta, ta ja mayafinta ta kare mata iskar taga. Direban da tun daga Kwangila yake faɗawa cikin ramuka ya rage gudu da kansa. Da muka iso, kwandasta ya sauko da tabarmar, tsohuwar ta fara kwance bakin zaninta, ya ce, "An biya, Inna." Ta juya tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda za ta gode wa, ba ta samu ba, sai ta yi wa motar duka addu'a.

In za ka biya wa wani

Yadda aka yi wa tsohuwar nan shi ne daidai. Ka miƙa wa kwandasta kuɗin ka ce a hankali, "Mutum biyu, da na Baba mai farar hula." Kada ka ɗaga murya, kada ka juya kana jiran godiya. Akwai mutumin da ya fito da kuɗin zuwa kawai, yana tunanin yadda zai dawo, amma in ka biya masa a bainar jama'a ka ɗauke masa nauyi ɗaya ka ɗora masa wani.

Ga 'yan'uwana maza ina da ƙarin magana. In ka biya wa budurwa ko matar aure kuɗin mota sannan ka bi ta da neman lambar waya, ka ɓata abin, kuma ka sa gobe za ta ƙi karɓar taimakon mai kyakkyawar niyya. In ka ga yarinya 'yar makaranta kuɗinta bai cika ba, kwandasta na yi mata faɗa, ka cike, ka kau da kai.

Jakar shara a aljihu

Nan ne muka fi gazawa, masu ilimi da marasa shi. Mutum ya shanye ruwan leda, ya zuge gilashi, ya wurga. Haka ɓawon ayaba, da tuƙar rake, da ledar biskit, da robar lemo. Ledar nan ba ta ruɓewa a shekara ɗaya ko goma. Iska ta kwashe ta zuwa lambatu, ta haɗu da 'yan'uwanta su toshe kwalbati, ruwan watan Agusta ya zo ya rasa hanya ya shiga shagunan mutane da ɗakunansu. Wadda ta tsira ta gangara Kubanni. Wata kuma akuya ko tunkiya ta haɗiye. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin dabbobin da ke kiwo cikin gari. In aka tara aka cinna mata wuta, hayaƙin ya koma ƙirjin yaran unguwa.

Maganin ba shi da tsada. Ka riƙe 'yar leda ɗaya ko ƙaramar jaka a aljihu, duk abin da ka ci ka zuba ɓawon a ciki har ka isa inda ake zubar da shara. In da hali ka ɗauko ruwanka a gora daga gida, ka huta da sayen na leda sau uku a rana. In na kusa da kai zai wurga tasa, kada ka yi masa wa'azi, don ba wanda ke son a karanta masa laifinsa a gaban mutane. Ka buɗe jakarka ka ce, "Kawo nan, ɗan'uwa, ina tarawa." Na sha yin haka, mafi yawa sukan yi murmushi su saka, wani ma ya karɓi ta maƙwabcinsa ya ƙara.

Yi wa direba magana, amma ka san yadda za ka yi

Fasinja yana da haƙƙin ya isa lafiya. In direba na gudun wuce kima, ko yana waya, ko yana son cusa mutum na biyar a layin mutum huɗu, a yi magana tun da wuri kafin rai ya ɓaci. "Direba, don Allah a sassauta, akwai yara" ta fi zagi aiki nesa ba kusa ba. In wani ya riga ka magana, ka mara masa baya. Abin da ke ƙarfafa direba mai ganganci shi ne mutum ɗaya ya yi magana, sauran su yi tsit, ko ma wani ya ce shi sauri yake. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana aiki tun 1988, amma jami'anta ba sa cikin motar, mu ne a ciki. A watan azumi, rabin awar nan ta kafin magariba ita ce mafi hatsari, kowa na son ya sha ruwa a gida. Ka riƙe dabino a aljihu. In aka kira salla kuna hanya, ka fara miƙa wa direba da yaronsa, ka ga yadda ƙafarsa za ta sassauta a kan totur.

Batun hayaƙin tsofaffin motoci ma ta nan ake shigo da shi. In kun saba da direba, kana iya ce masa ya riƙa kashe inji in zai daɗe yana jiran lodi, ya duba iskar taya, ya canza baƙin mai da matatar iska a kan lokaci. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana ƙara shan mai, baƙin hayaƙi kuma alama ce ta man da bai ƙone daidai ba, wato kuɗinsa ne ke fita ta salansa. Ta wannan fuskar za ka ɓullo masa, zai saurare ka. In kana da zaɓi tsakanin mota biyu, ka shiga wadda aka kula da ita.

Yaron mota kuma ɗan wani ne. Tun bayan asuba yake rataye a ƙofa yana kiran "Sabon Gari, Sabon Gari" har muryarsa ta dushe. Ka kira shi "ɗan'uwa" ko "ƙanena", ka ce masa sannu da aiki in za ka sauka.

Sauka da ragowar hanya

Ka faɗi inda za ka sauka tun da sauran tazara, don direba ya samu gefen da ya dace, ba ya taka birki a tsakiyar titi ba. Kafin ka buɗe ƙofa ka duba ɗan acaɓa na tahowa. In akwai yara 'yan firamare da suka sauka tare da kai, ka tsallakar da su titi kafin ka kama gabanka, musamman a manyan hanyoyin da tireloli ke bi.

In abin da ya rage bai wuce tafiyar minti goma ba, ka taka da ƙafa. Gajerun tafiye-tafiyen nan da inji bai gama ɗumi ba sun fi cin mai in aka auna da nisansu, ga shi jiki na samun motsi, ka kuma gaisa da mutanen da da a mota sai dai ka ɗaga musu hannu. In da nisa, ka shiga keke na haɗaka maimakon shata.

Ranar da dole ka fito da motarka, kada ka tafi da kujeru a wofi. Ka rage wa maƙwabta hanya, ko ku haɗu ku uku ko huɗu da kuke aiki wuri ɗaya ku yi karɓa-karɓa, wannan mako motar wane, mako mai zuwa ta wane, kuna haɗa kuɗin mai. Waɗanda ka sani nake nufi. Zamani ya sa alheri ma sai da ido a buɗe: kada ka karɓi saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba, kada ka fito da waya kusa da taga a cunkoso, in kuma Kaduna ko Kano za ka, ka shiga mota a tasha inda 'yan ƙungiyar direbobi suka san direban da lambar motarsa, ko da ta bakin hanya ta fi araha.

Wannan ƙungiya tana da wani amfanin da mutane ke mantawa. In ka tsinci waya ko jaka ko takardun wani a kujera, ka nuna wa direba a gaban sauran fasinja, sannan a kai ofishinsu na tasha, don nan mai kaya zai fara zuwa cigiya. In waya ce kuma tana da caji, ka bar ta a kunne, mai ita zai kira. Kai ma ka saba da duba lambar da aka rubuta a jikin keke ko bas kafin ka shiga, ka riƙe ta a ka ko ka rubuta a waya, don ranar da ka manta naka kayan, da ita za a nemo maka direban.